Saitin injin mota: mutum ya koya da kansa, ko ya kai wa gwani?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum manyanmu. Ina roƙon a warware mana wata magana da ake yawan ja a kanta. Mai mota yana son injinsa ya riƙa aiki daidai, ya rage shan mai, ko ya ƙara ƙarfi. Shin gara ya sayi kayan aiki ya koyi saitin da kansa, ko ya miƙa wa gwani? Wasu na cewa da waya da 'yar na'urar sikana an gama. Wasu kuma na cewa duk wanda ya taɓa kwamfutar mota ba da ilimi ba, sabon inji zai saya. A ɗauka mota ce mai fetur, silinda huɗu, lita 1.8 ko 2.0. Ina iyakar abin da mutum zai iya yi da hannunsa?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, abu biyu ka haɗa, kuma haɗa su ne yake jawo gardamar. Akwai saitin mayar da inji yadda kamfani ya ƙera shi: filogi, bawul, tayimin, silo, tsabtar iska da mai. Akwai kuma saitin tura inji gaba da abin da kamfani ya tsara, wato a shiga kwamfuta a sauya lissafin mai da wuta da matsin turbo. Na farko yana da littafi, yana da lambobi, idan ka kuskure ka koma baya. Na biyu kai ne kake rubuta lambobin, kuma kuskurensa a jikin fiston yake fitowa.

Na farkon ina ganin duk mai natsuwa ya koya. Amma da sharaɗi: kada ka taɓa sukuru ko ɗaya sai ka san lafiyar injin. Fara da awon kwamfureshan. Ka ɗumama injin, ka kashe, ka cire fiyus na famfon mai da wayar kwayil, ka kwance filogi duka huɗun, ka buɗe totur har ƙarshe, ka ɗaura geji ka buga kiyi ya juya sau biyar ko shida a kowace silinda. Yawancin injinan fetur masu lafiya suna ba da tsakanin 150 da 190 psi, amma abin dubawa na gaske shi ne bambancin da ke tsakaninsu. Kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari. Idan ɗaya ta yi ƙasa, zuba bakin mai kamar ƙaramin cokali ɗaya ta ramin filogi ka sake awo. In lamba ta tashi, ringi ne ya ci. In ba ta motsa ba, bawul ne ba ya rufewa. In silinda biyu da ke maƙwabtaka suka faɗi tare, zargi gaskit ɗin top. Injin da ya faɗi wannan jarrabawa ba saiti yake buƙata ba, aiki yake buƙata.

Mai Sikana:
Baba ya faɗi gaskiya. Bari in ɗora daga inda ya tsaya, domin motocin da ba kafireta gare su ba yawanci babu sukurun da za a murɗa. Kwamfuta ce take saita kanta. Aikinka shi ne ka gano abin da yake yi mata ƙarya.

Tun 1996 aka wajabta tsarin OBD-II a motocin Amurka, a Turai kuma 2001 ga masu fetur, 2004 ga masu gas. Soket ne mai baki 16 a ƙarƙashin dashbod ɓangaren direba. Ƙaramar na'ura irin ELM327 da manhaja a waya sun isa ka karanta lambobin matsala da karatun sensa kai tsaye. Abin da ya fi komai amfani a ciki shi ne tirim ɗin mai, na gajeren lokaci da na dogon lokaci. Tirim yana nuna kashi nawa kwamfuta take ƙara wa mai ko ragewa a kan lissafinta na asali. Haɗa biyun. In jimillar tana cikin 5 sama ko ƙasa, lafiya lau. In ta wuce 10, akwai dalili.

Ga yadda ake karantawa. Duba shi a silo bayan inji ya yi zafi, sannan ka riƙe totur a juyi 2,500 ka sake dubawa. In a silo yana +18 amma a 2,500 ya sauko +4, iska ce take shiga ta ɓarauniyar hanya: tiyo ya tsage, ko gaskit ɗin manifol ya saki. Dalili kuwa, a silo iskar da inji yake sha kaɗan ce, don haka ɗan rami yana da tasiri, in juyi ya ƙaru sai ya ɓace a cikin yawa. In kuma akasin haka ne, a silo daidai amma yana hawa idan aka taka, to mai ne ba ya isa, ko filtar mai ta toshe, ko famfo ya gaji, ko sensar auna iska ta yi datti tana ƙirga ƙasa da abin da ya shiga. In tirim ya yi ƙasa sosai, kamar -15, nemi nozul mai ɗiga ko matsin mai da ya yi yawa. Matsin mai a injin nozul na gargajiya kusan bar 3 ne zuwa 4, littafin motar zai ba ka takamaimai.

Sannan a daina sayen sensa saboda lamba ta ambaci sunanta. P0171 cewa take mai ya yi ƙaranci a haɗin, ba ta ce sensar oksijin ta mutu ba. P0301 cewa take silinda ta ɗaya tana fashin wuta. Ka sauya wa kwayil ɗinta wuri da na ta biyu, ka share lambar, ka tuƙa. In ta dawo P0302, kwayil ne. In ta tsaya a 301, duba filogi, nozul, ko kwamfureshan. Wannan ba ya buƙatar gwani, haƙuri kawai yake buƙata.

Ɗan Koyo:
Allah ya saka da alheri. Yaya Mai Sikana, filogi fa? Ana cewa ko shi ma akwai saiti.

Mai Sikana:
Akwai. Tazarar bakinsa yawanci tsakanin 0.7 da 1.1 mm take, gwargwadon mota. Ana auna ta da fila geji. Na iridiyam bakinsa siriri ne, kada ka danna masa komai, zai karye. A ɗaura filogi inji yana sanyi, a fara da hannu har ya zauna, sannan sifanar awo. Mai zare 14 mm a top ɗin alminiyam kusan 25 zuwa 30 Nm. Wanda ya wuce haka zare yake ci, wanda bai kai ba kuma filogin ba ya sauke zafinsa a jikin top, sai ya yi ja. Kula da lambar zafi ma: a NGK babbar lamba ita ce mai sanyi, a Bosch akasin haka ne. Mutane da yawa a nan suke ruɗewa.

Tsohon Hannu:
Ga masu tsofaffin motoci na kafireta da dilko, a nan ne koyo da kai ya fi daɗi, domin komai a fili yake. Amma akwai jeri, kuma wanda ya saɓa jerin zai yi ta zagaye. Bawul da farko, sai wuta, kafireta ce ta ƙarshe.

Bawul: yawancin injina a sanyi ake aunawa, wasu a zafi, duba littafi. Na shigar iska galibi 0.15 zuwa 0.25 mm, na fitar hayaƙi 0.25 zuwa 0.35 mm. Kada ƙarar caf-caf ta sa ka matse su fiye da ƙima. Bawul ɗin hayaƙi yana huce zafinsa ne a ɗan lokacin da ya zauna a mazauninsa. In ka matse, ba ya zama sosai, sai gefensa ya ƙone. Ɗan sako-sako mai ƙara ya fi matsattse mai shiru.

Wuta: in dilkon mai fwayin ne, saita tazarar fwayin tukuna, kusan 0.4 zuwa 0.45 mm, domin duk sauyin da ka yi mata yana motsa tayimin. Sannan fitilar tayimin a wayar filogi na ɗaya. A motoci da yawa sai ka cire tiyon zuƙo na jikin dilko ka toshe shi. Yawanci digiri 5 zuwa 12 kafin fiston ya kai ƙololuwa. Masu saita tayimin da kunne, su murɗa dilko har silo ya yi daɗi, kusan kullum suna wuce gona da iri, domin inji a silo yana son wuta da wuri, amma a hawa da kaya wannan wutar ce za ta sa shi ƙwanƙwasa.

Kafireta: duba tsayin fulot, ka tabbatar cok ya buɗe gaba ɗaya. Sukurun haɗi ka mayar da shi ciki a hankali har ya taɓa, ba da ƙarfi ba don kada ka lalata bakinsa, sannan ka dawo da shi juyi ɗaya da rabi zuwa biyu. Daga nan kwata-kwatan juyi, kana jira daƙiƙa goma kowane karo, har ka sami inda inji ya fi sauri da santsi. Sai ka sauke silo zuwa 750 ko 800 da sukurun totur. In kana da gejin zuƙo, allura ta tsaya cak tsakanin 17 da 21 inci. A wuri mai tudu tana raguwa kusan inci ɗaya a kowace mita 300. Allura mai rawa da sauri tana nuna bawul, mai tsayawa ƙasa ba motsi tana nuna tayimin ya makara ko iska na shiga.

Kuma don Allah kada a yi wannan aiki a rufaffen ɗaki. Hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari, kuma tana kisa. Fankar lagireto mai lantarki kuma takan tashi da kanta ko mota a kashe.

Ɗan Gwaji:
Duk na yarda, amma Baba, da girmanka, ban yarda a ce shiga kwamfuta sai gwani ba. Gwanayen nan ma koyo suka yi. Yau akwai manhajar RomRaider ga masu Subaru, akwai HP Tuners, akwai kwamfutocin inji na daban irin Speeduino da MegaSquirt da ake sarrafawa da manhajar TunerStudio, waɗanda tun asali don masu koyo aka yi su. Lissafin kuma ba sihiri ba ne. Fetur zalla yana ƙonewa tsaf a iska kashi 14.7 da mai kashi 1, wato lamda 1. A silo da tafiya ta yau da kullum nan ake zama. In an taka har ƙasa, injin da ba turbo yana son 12.5 zuwa 13, mai turbo kuma 11.5 zuwa 12, don rarar man ta sanyaya ɗakin wuta. Ka sa sensar wayidban, mai auna ainihin haɗin iska da mai, a salansa kafin katalis mai tace hayaƙi, ka ɗauki rikodin tafiya, ka kwatanta abin da ka nema da abin da ya fito, ka gyara jadawalin mai na cikin kwamfuta kashi 2 ko 3, ka sake. Mene ne a nan da mai hankali ba zai iya ba?

Mai Dayino:
Ɗan'uwa, a ɓangaren mai ba ni da ja da kai. Mai wayidban da haƙuri zai iya daidaita mai a kan hanya. Ina ƙara jan hankali kawai cewa sensar oksijin ta gargajiya ba za ta yi wannan aikin ba. Ita tsakanin 0.1 da 0.9 bolt take lilo, abin da ta sani shi ne an wuce 14.7 ko ba a kai ba. Ba ta bambance 12.5 da 13.8, alhali a injin turbo tsakanin waɗannan biyun akwai fiston. Kuma gara a saba da karanta lamda, domin in fetur yana da kashi 10 na itanol, 14.7 ta koma kusan 14.1, lamda kuwa ba ta sauyawa.

Inda muka rabu shi ne wuta. Manufar tayimin ita ce matsin ƙonewa ya kai ƙololuwarsa jim kaɗan bayan fiston ya fara sauka, wajen digiri 15. Kana ƙara wuta da wuri, ƙarfin murɗa yana hawa, har ya kai wani wuri ya tsaya. Daga nan duk digirin da ka ƙara ba ya ba ka komai sai duka a kan mital da kwanrod. A kan dayino mai riƙe kaya, wato na'urar auna ƙarfin mota tana tsaye wuri ɗaya, ana tsayar da inji a juyi 3,000 misali, a ƙara digiri ɗaya, a ga lamba ta hau, a ƙara wani, a ga ta tsaya, a koma baya. A kan kwalta ba ka da wannan idon. Mazaunin direba ba ya jin bambancin kashi 2.

To sai mai koyo ya ce zai yi ta ƙarawa har ya ji ƙwanƙwasa sannan ya ja baya. Matsala biyu ce a nan. A wasu injina ƙwanƙwasa tana zuwa kafin a kai wurin da ƙarfi ya tsaya, kuma a juyi 5,500 da ƙarar iska da taya ba za ka ji ta da kunne ba. A wasu kuma, masu ƙarancin kwamfureshan, za ka wuce wurin da digiri da yawa ba tare da ƙwanƙwasa ko ɗaya ba, kana murna, mital yana cinyewa.

Ɗan Koyo:
Oga, ƙwanƙwasar nan ita ce nokin da ake cewa inji ya yi?

Mai Dayino:
A'a, kuma yana da kyau da ka tambaya. Nokin da ake faɗa a gareji shi ne inji ya riga ya lalace, mital ya narke ko karanshaf ya kama. Ƙwanƙwasar da nake nufi tana faruwa ne a cikin ɗakin wuta. Filogi ya kunna, wuta tana tafiya, sai ragowar haɗin da ke can gefe ya fashe da kansa saboda zafi da matsi kafin wutar ta iso. Ƙararta kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan fashewar tana share siririn labulen iska da ke kare saman fiston daga zafi. Alminiyam yana narkewa a wajen digiri 660, wutar ciki kuwa ta ninka haka. Abin da ya fara karyewa yawanci shi ne dandamalin da ke tsakanin ringi na ɗaya da na biyu. In ka cire filogi ka ga ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa toka mai ƙyalli a farin jikinsa, fiston ɗinka ne ya fara zuba. Ƙwanƙwasa ce take kai mutum ga nokin.

Ɗan Gwaji:
Ai akwai sensar ƙwanƙwasa. Kwamfuta tana janye wuta da kanta, kuma ana ganin adadin janyewar a rikodi. In ka ga ta janye digiri 3 a wani wuri, ka rage a wurin.

Mai Dayino:
Haka ne, kuma mai koyo lalle ya riƙa duba wannan layin. Sai dai sensar bayan an yi dukan take ji. Kuma kamfani ya saita jinta ne da ƙarar injin yadda ya fito. In an sauya salansa, ko mawuntin, ko wani ƙarfe yana karkarwa, tana iya jin ƙarya ta janye wuta a banza. A juyi mai yawa kuma hayaniyar bawul tana iya rufe mata ta gaskiya. Shi ya sa masu aikin suke manna abin saurare a jikin bulok su sa a kunne. Sannan janyewar tana da iyaka. In jadawalinka ya wuce da digiri 8, ba lalle ta iya ceto ba.

Akwai kuma maganar rai. Gwajin cikakken totur a giya ta huɗu daga 2,000 zuwa 6,000 yana kai mota gudun da ya wuce kilomita 150 a awa, kuma sau da yawa za a maimaita. Wannan ba aikin hanyar jama'a ba ne, balle mutum ɗaya da sitiyari a hannu da kwamfuta a kujerar gefe.

Malama Riwaya:
Ni ɓangaren filashin zan taɓa, wato rubuta wa kwamfutar mota sabon fayil, domin mutane suna lalata kwamfuta tun kafin su kai ga maganar mai da wuta. In ana rubuta sabon fayil, tsohon an riga an goge wani sashensa. In wuta ta faɗi a tsakiya, ko kebul ya motsa, ko kwamfutar hannu ta yi barci, mota ba za ta sake tashi ba. Lokacin rubutu kiyi yana buɗe, wasu motocin har fanka suke tayarwa, batir yana sauka. Don haka a haɗa na'urar da ke riƙe wuta daram a wajen bolt 13 zuwa 14. Ƙaramar cajar batir ba ta wadatar ba. A kashe fitilu da na'urar sanyi, a rufe ƙofofi.

Kafin komai a karanta fayil na asali a ajiye shi wuri biyu, da lambar kwamfutar da lambar manhajarta. Mota iri ɗaya, shekara ɗaya, tana iya zuwa da manhaja daban. Fayil ɗin da aka sauke a intanet aka ce na irin motarka ne, in bai dace da lambar ba, jadawalan ba sa wuri ɗaya, sai ka rubuta lissafin mai a kan wani abu dabam. Akwai kuma lissafin tantancewa da kwamfuta take yi wa fayil ɗinta, in an sauya lambobi ba a gyara shi ba, sai ta ƙi tashi. Na'urorin filashin na jabu a nan suka fi cutarwa. In abin ya ɓaci, sai an buɗe kwamfutar a rubuta mata ta kan allo, ko a sayi wata a haɗa ta da imobilaiza da makullai. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Ƙanena Ɗan Gwaji, in mutum ya nace sai ya koya, ni shawarata ya koya a kan injin da ba shi ne abin hawansa na kullum ba, mara turbo, da kwamfuta ta daban irin waɗanda ka ambata. Ta asali ya cire ta ya ajiye.

Ɗan Gwaji:
Wannan na karɓa, Yaya. Kuma zan ƙara da ƙa'idar da ba a tsallakewa: abu ɗaya ake sauyawa a lokaci ɗaya, a rubuta abin da aka sauya, a gwada a zafin inji iri ɗaya. Wanda ya taɓa mai da wuta da bus, wato matsin turbo, a zama ɗaya, in abu ya ɓaci bai san wanne ba ne. Amma har yanzu ina kan bakana cewa hanyar a buɗe take. Mai koyo yana iya yin mai da silo da tashin sanyi a gida, sannan ya kama hayar dayino na 'yan awoyi don wuta kawai, gwani yana tsaye a gefensa.

Mai Dayino:
A haka mun haɗu. Wannan ma ya fi, domin ya zo da inji mai tashi, lokacin dayino bai tafi a neman tiyon da ya tsage ba.

Injiniya:
Ina son a koma ga tambayar farko, wato me za a samu. Motar da Ɗan Koyo ya kwatanta, lita 1.8 ko 2.0, in ba turbo gare ta ba, sauya lissafin kwamfuta ɗan abu kaɗan zai ƙara. Ƙarfi daga iska yake zuwa, kuma injin da yake zuƙar iska da kansa kusan girman silindarsa kawai yake sha, ko me aka rubuta masa. Abin da mutane suke ji bayan irin wannan saitin sau da yawa totur ne aka sa yana buɗewa da wuri: ka taka rabi, ya buɗe kashi 70. Motar ta yi zafin nama a ƙafa, amma a ƙarshen totur ƙarfin yana nan yadda yake. Ga irin wannan mota, filogi mai kyau, filtar iska, wanke totur da sensar iska da abin wankinta na musamman, da tamostat mai aiki sun fi kawo sauyi. Na ambaci tamostat da gangan. In an cire shi, ruwa ba ya kai digiri 85 zuwa 95 da inji yake so, kwamfuta tana ɗauka har yanzu ana ɗumi, tana ta ƙara mai. Wannan man yana wanke bakin mai daga bangon silinda, ringi yana ci.

Mai turbo labarinsa daban, domin a nan kwamfuta ce take yanke yawan iska. Ga lissafi. Bus na bar 0.8, in ka haɗa da bar 1 na sararin sama, 1.8 ke nan. Ka ɗaga zuwa 1.2, ya zama 2.2. Iska ta ƙaru da kusan kashi 22, mai ma dole ya ƙaru haka. A juyi 6,000 kowace silinda tana da milisakan 20 ne a zagaye ɗaya, wato juyi biyu. Nozul ɗin da yake buɗe milisakan 14, wato kashi 70, yanzu sai ya buɗe 17, kashi 85. Nan ne iyakar da ake yarda da ita. In ka ƙara, mai ya ƙare a daidai lokacin da inji ya fi buƙatarsa. Bayan nozul akwai famfo, intakula, kuloci, da giyabos mai iyakar ƙarfin murɗa da aka ƙera shi a kai. Injinan turbo masu fesa mai kai tsaye cikin silinda kuma suna da wata cuta ta kunna wuta da kansu kafin filogi, a ƙaramin juyi da babban kaya, wadda take iya lanƙwasa kwanrod a bugu ɗaya. Saboda ita aka fito da ma'aunin bakin mai na API SN Plus a 2018 da SP a 2020. Mai koyon da ya cika bus a juyi 1,800 yana gayyato ta.

Masu gas kuma su kiyaye. Ƙarin mai a injin gas zafi yake ƙarawa, sai an sa gejin zafin hayaƙi kafin turbo, kuma in ya daɗe sama da digiri 700 zuwa 750 ana cin rayuwar fiston da turbo. Bututun kwamanrel, wanda yake raba wa nozul mai, yana ɗauke da bar 1,600 zuwa sama da 2,000. Kada a sassauta shi inji yana aiki, kada a nemi yoyo da yatsa, man yana huda fata.

Ɗan Koyo:
To in mutum ya yanke shawarar kai wa gwani, yaya zai gane na ƙwarai?

Injiniya:
Daga tambayoyinsa. Na ƙwarai zai tambayi irin man da kake sha da lambar oktensa, domin saitin da aka yi da 98 in aka zuba 91 ƙwanƙwasa ce. Zai karanta lambobin matsala da tirim, ya auna kwamfureshan, ya gwada ko bus yana yoyo, kafin ya buɗe fayil. Zai auna motar a dayino kafin aiki da bayansa, rana ɗaya, giya ɗaya, ya ba ka takarda mai nuna lamda da bus tare da ƙarfi. Zai ba ka fayil ɗinka na asali. In ya ce minti ashirin ya gama ba tare da ya tayar da injin da kaya ba, fayil ɗin wani ya zuba maka.

Ka tambaye shi kai tsaye ko ya kashe wata lambar matsala ko wani tsaro. Wasu suna kashe iyakar zafi ko su rage jin sensar ƙwanƙwasa don lamba ta yi kyau a takarda. Wasu suna goge P0420, lambar da ke nuna katalis ba ya aiki yadda ya kamata, bayan sun cire shi, abin da doka ta hana a ƙasashe da yawa. In motar tana da garanti, ka sani dillalai suna iya gane an taɓa kwamfuta ko da an mayar da fayil na asali, kuma kamfanin inshora yana iya ƙin biya in ba a sanar da shi ba.

Tsohon Hannu:
Ƙanena, ko da gwani za ka kai wa, aikin farkon nan naka ne. Sayi littafin gyara na motarka, gejin kwamfureshan, fila geji, sifanar awo, mita ta lantarki da sikana. Yau ka ɗumama injin ka rubuto mana abu huɗu: zafin ruwa bayan tafiyar minti goma sha biyar, tirim a silo, tirim a 2,500, da karatun sensar iska a silo.

Mai Sikana:
Ka kashe na'urar sanyi da fitilu lokacin karatun, giya a firi. A inji mai lita 2.0 sensar iska ta nuna wajen giram 2 zuwa 3 a daƙiƙa. In ka ga 1.5 tare da tirim mai hawa, fara da tiyon da ke tsakanin sensar da totur, lanƙwasa shi ka duba cikin ninkinsa ta ƙasa, nan ya fi tsagewa.